Haske, Rini da Oksijen: Yadda Maganin Haske ke Kashe Selil ɗin Sankara

Gabatarwa

A cikin hanyoyin da likitoci ke bi wajen yaƙi da sankara, watau ciwon daji, uku ne aka fi sani: tiyata, magungunan shimiyoterapi, da gashin radiyoterapi, wanda aka soma yi a Yamai a 2021 a cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara. Akwai wata hanya ta huɗu wadda ba ta kai su yaɗuwa ba, wadda ake ce ma thérapie photodynamique da Faransanci. A wannan ƙasida za mu kira ta maganin haske. Ana ba mara lafiya wani sinadari wanda ba ya cutarwa muddin yana cikin duhu, a jira ya taru a cikin ƙarin, sa'an nan a haska wurin da haske mai wani launi na musamman. Hasken shi kaɗai ba ya ƙona nama, sinadarin shi kaɗai ba guba ba ne, amma idan suka gamu a inda akwai oksijen sai selil ta mutu. Abin da muke so mu bayyana shi ne abin da ke faruwa tsakanin kunna fitilar da mutuwar selil.

Dole mu ce wani abu game da kalmomi. Mun ɗauki selil, molekil, elektoron da anzim yadda suke a bakin ɗalibanmu na sashen kimiyya. Kalmar tantani mun keɓe ta ga fatar da ke kewaye selil da ƙananan sassan da ke cikinta. Shi kuwa sinadarin da ke kama haske mun kira shi rini, domin na farkon da aka gwada rini ne na gaske, irin na masaƙa da na laburatuwar, kuma har yau kowane ɗayansu yana da launi, tun da abin da ba ya shan haske ba ya iya wannan aiki.

1. Daga ina abin ya faro

A 1900 wani ɗalibin likita a Munik, Oscar Raab, wanda ke aiki ƙarƙashin Hermann von Tappeiner, ya buga abin da ya gani yayin da yake gwada rinin akiridin a kan ƙananan halittun ruwa da ake kira paramesi. Adadin rini ɗaya yakan kashe su da sauri a cikin haske, a duhu kuwa sai su daɗe da rai. A 1903 von Tappeiner da likitan fata Jesionek suka shafa rinin eyozin a kan sankarar fata suka haska ta. A shekarar da ta biyo baya, shi da Jodlbauer suka nuna cewa idan aka cire oksijen aikin ba ya yiwuwa. Tun daga lokacin aka san sharuɗɗan nan uku.

Wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi ma kansa allurar miligiram 200 na hematoporfirin ya fita rana. Fuskarsa da hannuwansa suka kumbura, ya kuma yi sama da wata biyu fatarsa ba ta jure hasken rana. Rahotonsa ya fito a 1913. A 1924 Policard, a Liyon, ya ga ƙarin ɓera yana ba da jan haske a ƙarƙashin fitilar Wood, alamar cewa porfirin na taruwa a cikinsa. Amma sai a shekarun 1970 abin ya zama magani, a hannun Thomas Dougherty da abokan aikinsa a cibiyar Roswell Park ta Bafalo a Amurka, waɗanda suka warkar da ƙari a jikin ɓeraye a 1975, suka kuma buga sakamakon gwaji a kan mutane a 1978. Ƙasar Kanada ce ta fara ba da izinin amfani da rinin Photofrin a 1993, domin sankarar mafitsara.

2. Abin da haske ke yi ma rini

Molekil ɗin rini a zaune take, elektoron ɗinta biyu-biyu, kowanne yana juyawa kishiyar abokinsa. Wannan hali shi ake kira sangile. Idan ta sha foton guda, elektoron ɗaya yakan hau mataki na sama, amma ba ya daɗewa a can, ƴan nanosakan ne kawai. Ko dai ya sauko ya fid da haske, wanda shi ne jan hasken da Policard ya gani, ko ya zubar da ƙarfin ya zama ɗumi, ko kuma ya sake juyinsa ya koma daidai da na abokinsa. Wannan na ukun shi ne halin tiripile, kuma shi ne ginshiƙin maganin gaba ɗaya. Dokokin kwantik ba su yarda molekil ta sauko daga tiripile zuwa sangile da sauƙi ba, don haka takan maƙale a can na tsawon mikurosakan masu yawa, sau dubu ko fiye da zaman farko. Wannan jinkiri ne ke ba ta damar cin karo da wata molekil kafin ƙarfinta ya tafi a banza.

A nan oksijen ke shigowa. Iskar oksijen da muke shaƙa baƙuwar molekil ce, domin ita a zaune ma tiripile take. Wannan ne ya sa, ko da yake tana da kwaɗayin elektoron, ba ta afka ma naman jikinmu kai tsaye: yawancin molekil ɗin jiki sangile ne, kuma haɗuwar tiripile da sangile tana da wuya. Ana iya cewa oksijen kura ce ɗaure da igiya. Idan rini mai tiripile ya gamu da ita, tun da halinsu ɗaya, sai ya miƙa mata ƙarfinsa, shi ya koma zaune, ita kuwa ta hau zuwa sangile. Igiyar ta kwance ke nan. Oksijen sangile tana sama da ta zaune da kilojul 94 a kowane mol, kuma idan ta sauko da kanta takan fid da wani ɗan haske mai tsawon zango nanometir 1270, wanda da shi ake gane ta a laburatuwar. Hans Kautsky ne ya fara kawo wannan bayani tun 1931, ba a kuwa karɓe shi ba sai a shekarun 1960 bayan aikin Christopher Foote da wasu. A 1976 Weishaupt, Gomer da Dougherty suka nuna cewa ita ce ke kashe selil ɗin sankara a maganin haske.

Wannan hanya ta miƙa ƙarfi ita ake kira nau'i na II. Akwai nau'i na I, inda rinin ke karɓa ko ba da elektoron maimakon ƙarfi. Daga nan ake samun superoksid, wanda ke zama ruwan oksijene, watau peroksid na hidirojen, shi kuma idan ya haɗu da ƙarfen da ke cikin selil sai ya haifi radikal hidiroksil, wanda ba ya zaɓen abin da zai ci. Hanyoyin biyu suna tafiya tare, kuma wadda za ta rinjaya ta danganta ga irin rinin da yawan oksijen. Ga yawancin rinin da ke asibiti, nau'i na II ne ke kan gaba.

Mu lura da cewa rinin ba ya ƙarewa a zagaye ɗaya. Da ya koma zaune sai ya sake shan wani foton, ya sake kwance wata oksijen, haka haka har sai oksijen sangile ɗin da ya haifa ta juyo ta lalata shi kansa. Wannan koɗewar rini tana rage ƙarfin magani, amma tana da amfaninta: a lafiyayyen nama, inda rinin bai taru da yawa ba, yakan koɗe kafin ɓarnar ta kai ga kisa.

3. Gajeren rai, gajeriyar tafiya

Idan aka fahimci wannan sashe, sauran bayanin zai zo da sauƙi. Oksijen sangile ba ta daɗewa. A cikin tsabtataccen ruwa ranta kamar mikurosakan 3,5 ne, kuma a wannan lokaci tafiyar da za ta iya yi ba ta wuce nanometir 200 ba. A cikin selil, inda furotin da kitse suka cika ko'ina, tafiyar ta fi haka gajarta; Moan da Berg sun ƙiyasta ta a 1991 tsakanin nanometir 10 zuwa 20, ko da yake awon da aka yi daga baya ya ba da adadi mafi girma. Faɗin selil kuwa mikurometir 10 zuwa 20 ne. Da za a faɗaɗa selil ta kai gida mai faɗin metir 20, to oksijen sangile ba za ta yi nisan da ya wuce taƙi ɗaya daga inda aka haife ta ba, a wani lissafin ma faɗin yatsa ne.

Ma'anar wannan ita ce ɓarnar tana faruwa a daidai inda rinin ya kwanta. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da sabon rini ita ce: wane ɗaki yake shiga a cikin selil? Rini mai son kitse yakan laƙe a tantani. Wanda ke ɗauke da cajin lantarki mai kyau yakan nufi mitokondiri, domin cikinta na da kishiyar cajin. Wanda ke narkewa a ruwa, ko wanda ya dunƙule, selil takan haɗiye shi ya ƙare a lizozom. Kaɗan ne ke shiga cibiyar selil inda ADN yake. Nan ne babban bambancinsa da radiyoterapi, wanda ADN ne abin harinsa, kuma shi ya sa ba a ɗaukar maganin haske a matsayin mai haddasa sabuwar sankara, ana kuma iya maimaita shi a wuri ɗaya ba tare da iyakar da radiyoterapi ke da ita ba.

4. Abin da ake ɓatawa

Oksijen sangile tana neman wuraren da elektoron suka yi yawa. A cikin furotin, asid amine biyar ne ta fi kamawa: histidin, tiriptofan, metiyonin, sistayin da tirozin. Idan ɗayansu na zaune a bakin aikin anzim, anzim ɗin ya mutu ke nan. Wani lokaci furotin biyu da aka taɓa sukan manne da juna su zama dunƙulen da selil ba ta iya amfani da shi. A ADN guwanin take ci, idan ta samu isa gare shi.

Ɓarnar kitse ta fi ban sha'awa, domin ita ce ke yaɗuwa. Tantanin selil an gina shi da kitse mai ɗaurin karbon biyu, tare da kolesterol. Oksijen sangile takan shiga wannan ɗauri ta bar hidiroperoksid. A kan kolesterol tana barin wani irin hidiroperoksid a karbon na 5 wanda radikal ba safai suke yin sa ba, har masana suka mai da shi shaidar cewa ita ce ta bi ta wurin. Hidiroperoksid ɗin nan idan ya gamu da ƙarfe sai ya tsage ya zama radikal, radikal ɗin ya fizgi hidirojen daga kitsen da ke maƙwabtaka da shi, wannan ya sha oksijen ya zama sabon radikal, ya fizgi na gaba. Sarƙar tana ci gaba ko bayan an kashe fitila. Duk wanda ya taɓa barin man gyaɗa a buɗe cikin rana har warinsa da ɗanɗanonsa suka sake ya ga irin wannan aiki da idonsa. Tantanin da kitsensa ya lalace haka yakan yi tauri a wani wuri ya yi yoyo a wani, ya kasa riƙe bambancin gishirin ciki da na waje.

Selil ba ta rasa kariya ba. Tana da superoksid dismutaz da katalaz, tana da gulutatiyon, tana da anzim GPX4 da ke mai da hidiroperoksid na tantani ya zama mara lahani. Idan ta tsira daga bugun farko takan kunna furotin Nrf2 ya ƙara yawan waɗannan makamai. Amma babu wani anzim da aka halitta domin oksijen sangile kanta. Sai dai karotenoyid da bitamin E su shanye wani kaso nata. Maganin haske yana cin nasara ne domin yana zubo ɓarna cikin ƴan mintoci fiye da abin da kariyar ke iya kwashewa.

5. Hanyoyin mutuwa

A da an ɗauka cewa selil ɗin da aka haska fashewa kawai take yi. A 1991 Agarwal, Oleinick da abokan aikinsu a Kilibilan ta Amurka suka nuna cewa selil ɗin lamfom na ɓera suna mutuwa ta hanyar apoptoz, watau shiryayyar mutuwa wadda selil ke aiwatarwa da kanta, kuma da saurin da ba a saba gani ba, cikin awa ɗaya ko biyu.

Ga yadda abin ke tafiya idan rinin yana mitokondiri. A tantanin cikinta akwai wani kitse mai suna kardiyolipin wanda ke riƙe da furotin sitokurom c. Idan kardiyolipin ya sha oksidasiyo sai ya saki sitokurom c. A tantanin waje kuwa akwai masu gadi, furotin Bcl-2 da danginsa, waɗanda aikinsu shi ne hana wani furotin, Bax, huda tantanin. Tun da Bcl-2 a jikin tantanin yake zaune, kusa da rinin, shi ne farkon wanda haske ke lalatawa. Bax kuwa yana yawo a ruwan selil, nesa da rinin, don haka ya tsira. Mai gadi ya faɗi, mai huda yana nan lafiya. Sitokurom c ya fito ta hujin, ya haɗu da Apaf-1, su tada kaspaz 9, ita ta tada kaspaz 3, su kuma su yanyanka furotin da ADN na selil. Selil ta ƙanƙance ta rarrabu zuwa ƙananan ƙunshi, makurofaj su haɗiye su.

Wannan yana da muhimmanci a asibiti. Yawancin magungunan shimiyoterapi da radiyoterapi suna ɓata ADN ne, sa'an nan su dogara ga selil ta gane ɓarnar ta aika saƙon mutuwa, sau da yawa ta hanyar furotin p53. Selil ɗin sankara da dama sun riga sun yanke wannan waya, ko sun tara Bcl-2 ya yi yawa. Maganin haske ba ya bi ta wayar. Ƙarshen hanyar yake bugawa kai tsaye. Shi ya sa yakan kashe selil ɗin da suka gagari sauran magunguna.

Idan rinin yana lizozom, tantaninta ne ke yagewa, anzim katepsin su zubo su yanke furotin Bid, guntun Bid ɗin ya tafi mitokondiri ya tada Bax. Hanya ce mai ɗan zagaye, amma masauki ɗaya ne. Idan yana retikulum, kamar rinin hiperisin da ake samu daga tsiron millepertuis, famfon da ke tura kalsiyom ciki ne ke lalacewa, kalsiyom ya malalo, furotin da ba su naɗu daidai ba su taru, selil ta yi ƙoƙarin gyara, in ta kasa ta kashe kanta.

Apoptoz tana bukatar ƙarfin ATP da kaspaz masu rai. Idan rini ya yi yawa ko haske ya yi ƙarfi, ko kuma tantanin waje ne aka fara bugawa, to ATP ya ƙare, kaspaz ɗin su ma sun ƙone, babu mai aiwatar da shirin. Selil ta sha ruwa ta kumbura ta fashe, kayan cikinta su watse. Wannan ita ce nekuroz. A cikin ƙari guda ana samun duka biyun: nekuroz a sama inda haske ya fi ƙarfi, apoptoz a ƙasa da nan, sa'an nan can ƙasa wani yanki inda selil suka ji rauni ba su mutu ba. A wannan yanki otofaji, watau cinye sassan da suka lalace da selil ke yi, takan taimaka musu su farfaɗo, kuma daga nan ne sankara ke dawowa. Tun daga 2012, da aka ba feroptoz suna, mutuwar da tarin kitsen da ya sha oksidasiyo ke kawowa idan GPX4 ya gaza, an gano ita ma tana cikin abin da wasu rinin ke jawowa. A ganinmu yawan sunayen bai kamata ya ruɗi ɗalibi ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci, inda rinin yake da yawan bugun.

6. Jijiyoyin jini da garkuwar jiki

Kisan selil kai tsaye ba ya isa ya kawar da ƙari. An cire ƙarin dabba nan take bayan haskawa aka shuka selil ɗinsa, aka tarar da yawa suna da rai. Idan kuwa aka bar shi a jikin na wasu awoyi, sai adadin masu rai ya faɗi ƙwarai. Dalili shi ne rinin da ke cikin jini da bangon ƙananan jijiyoyi shi ma ya sha haske. Selil ɗin bangon suka tsuke suka bar gibi, palaket suka taru, aka saki toromboksan, jijiyar ta matse, jini ya daskare. Ƙarin ya rasa abinci da oksijen. Tazarar da ke tsakanin allura da haskawa ita ke nuna inda za a fi bugawa. Photofrin ana ba da miligiram 2 a kowane kilo, a haska da nanometir 630 bayan awa 40 zuwa 50. Foscan, wanda Turai ta amince da shi a 2001 domin sankarar kai da wuya, ana jiran awa 96 a haska da nanometir 652. Tookad kuwa, wanda aka amince da shi a Turai a 2017 domin sankarar furostat, ana haskawa da nanometir 753 da zarar an gama ƙarin ruwan, tun rinin na cikin jini, domin jijiyoyin ne abin hari.

Akwai tarko a nan. Maganin yana cin oksijen, kuma yana toshe hanyar da oksijen ke zuwa. Idan aka ƙara ƙarfin fitila don a gama da wuri, oksijen ɗin wurin yakan ƙare cikin ƴan sakan, sauran hasken ya tafi a banza. Don haka haske mai sauƙi na dogon lokaci, ko wanda ake kashewa ana kunnawa, sau da yawa ya fi mai ƙarfi aiki. Tsakiyar babban ƙari, wadda dama ba ta da isasshen oksijen, ita ce ta fi gagara.

Bayan wannan sai kumburi, nitorofil su cika wurin. Selil ɗin da ke mutuwa, musamman waɗanda aka buga a retikulum, sukan fito da furotin kalretikulin a bayansu, su saki ATP da wasu alamun haɗari, waɗanda ke jawo selil ɗin garkuwa su ɗauki guntayen sankarar su nuna ma lamfosit T. A 1996 Korbelik da abokan aikinsa sun nuna cewa a ɓerayen da ba su da lamfosit ƙarin yakan narke da farko kamar na sauran, amma ya dawo. Wannan sakamako tabbatacce ne a dabba. Ga mutum, muna ganin bai kamata a gaya ma mara lafiya cewa haska ƙari ɗaya zai kawar da wanda ya bazu a wani wuri ba.

7. Iyakar haske

Nama ba gilashi ba ne. Ƙasa da nanometir 600 hemogulobin ke shanye haske. Sama da 800 kuwa foton ba shi da isasshen ƙarfi: na nanometir 630 yana ɗauke da kilojul 190 a mol, na 800 yana da 150, kuma bayan asarar da ake yi wajen sauka zuwa tiripile dole abin da ya rage ya wuce 94. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake aiki, kuma ko a nan jan haske ba ya kisa fiye da zurfin milimetir 5 zuwa 10. Don haka maganin ya dace da abin da ke shimfiɗe a sama: fata, baki, bututun abinci, hanyoyin huhu, mafitsara, inda ake kai haske da zaren gilashi ta cikin andoskop. Ga ƙari mai kauri sai an soka zaren a cikinsa. Ba ya yin komai ga sankarar da ta riga ta bazu, wadda ita ce yawancin marasa lafiyarmu ke zuwa da ita.

Ana yawan cewa rinin yana zaɓen sankara. Gaskiya ne yana taruwa a can fiye da maƙwabtan nama, saboda jijiyoyin ƙari na yoyo, magudanar lamf ɗinsa ba ta aiki, selil ɗinsa kuma na haɗiye lipoporotin da ke ɗauke da rinin. Amma fifikon ba mai yawa ba ne, kuma ainihin zaɓen yana hannun wanda ke saita fitila. Lafiyayyen naman da aka haska shi ma yana mutuwa. Abin da ke cetonsa shi ne kolajen, wanda ba ya lalacewa tun da babu zafi, sai sababbin selil su hau kansa wurin ya warke da ɗan tabo. Duk da haka a bututun abinci yakan bar ƙuntatawa.

Hanyar da ta fi wayo ita ce ta asid aminolebulinik, ALA, wadda Kennedy da Pottier suka kawo a Kanada a 1990. Shi ba rini ba ne, ɗanyen kayan da selil ke ƙera hem da shi ne. Idan aka ba da shi da yawa an tsallake birkin da ke farkon hanyar, sai purotoporfirin IX ya taru, domin anzim na ƙarshe, feroshelataz, mai saka masa ƙarfe, ba ya iya cim masa, kuma a selil ɗin sankara da dama ya fi rauni. Selil ce ke ƙera gubarta da kanta, a cikin mitokondiri. Ana shafa shi kamar man shafawa, a rufe wurin awa uku, a haska, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ya bar jiki. Babban aibinsa zafi ne lokacin haskawa.

8. Rana da fata a Sahel

Wanda aka yi ma allurar Photofrin dole ya guji hasken rana na aƙalla kwana 30. Ga manomi ko makiyayi a Tawa ko Damagaram wannan sharaɗi ne mai nauyi, kuma saɓa shi yana kawo abin da ya sami Meyer-Betz. Likitocin dabbobi sun san wannan ciwo ta wata fuska. A Afirka ta Kudu tumakin da suka ci tsidau sukan kamu da ciwon hanta, sai filoyeritirin, wanda ke fitowa daga koren ganye a cikin tumbi, ya kasa fita ta matsarmama ya taru a jini. Fuska da kunnuwa, inda gashi bai rufe ba, su kumbura a rana. Rimington da Quin ne suka gano sinadarin a 1934. Kimiyyar ɗaya ce da wadda muka bayyana a sashe na 2.

Melanin yana shan haske, yana kuma kashe radikal, don haka baƙar fata tana rage hasken da ke isa ƙasa, melanom mai duhu kuwa ba ya jin wannan magani. Waɗanda abin ya fi shafa a ƙasarmu su ne mutanen da aka haifa zabiya. Rashin melanin yana sa rana ta bar musu ƙuraje masu kaushi a fuska, wuya da bayan hannu tun suna matasa, waɗanda ake kira keratoz aktinik, wasunsu kuma sukan rikiɗe su zama sankarar fata. Keratoz aktinik shi ne ciwon da aka fi yi ma magani da ALA a duniya, kuma ba ya bukatar lazar, fitilar LED ta isa. A Indiya an gwada irin wannan fitila mai aiki da batir a kan sankarar baki da ba ta yi nisa ba. A Kopenhag, tun 2008, Wiegell da Wulf sun nuna cewa hasken rana ma yana iya maye fitila: a shafa man kare fata daga ultarabiyole, a shafa maganin, mara lafiya ya fita waje cikin rabin awa ya zauna awa biyu. Da yake purotoporfirin ɗin yana ƙonewa kaɗan-kaɗan yayin da ake ƙera shi, zafin ya ragu ƙwarai.

An tsara wannan hanya ne domin ranar arewacin Turai da ƙuraje marasa kauri. Kafin a kawo ta nan sai an auna tsawon zaman da ya dace da ranarmu, a duba ko inuwar rumfa ta wadatar, a ga abin da gumi ke yi ma man a watannin bazara, a kuma samo hanyar ajiye maganin, tun da wasu irinsa sai a firiji. Sai kuma an sami likitan da zai tantance kowane ƙurji kafin a shafa, domin wanda ya riga ya nutsa ƙasa da inda haske ke kaiwa zai warke a sama ya ci gaba da girma a ƙasa, kuma wannan aikin tiyata ne.